Takardu shida da kusan ba wanda ya kafa hujja da su: lamarin wata mai binciken bakteriya a Kumasi

## Asalin lamarin

Wadda wannan nazari ya shafa 'yar Aboabo ce, a zangon Kumasi. An sakaya sunanta da na asibitin da take aiki da na makarantar da take koyarwa. Ta yi allo da boko tare kamar sauran yaran unguwa, ta karanta kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, ta ƙara digiri na biyu a kan ƙananan halittu masu jawo cuta. Aikinta na kullum shi ne karɓar jini da fitsari da mugunya daga ɗakunan marasa lafiya, ta raini bakteriyar da ke ciki a faranti, ta gano ko wace ce, sannan ta gwada wane magani ne ke kashe ta, wanne ne ta bijire masa.

Kumasi gari ne da ya yi suna a wannan fanni. Ga asibitin koyarwa na Komfo Anokye, ga jami'ar KNUST, ga cibiyar bincike ta KCCR da aka kafa a 1997 da haɗin gwiwar cibiyar Bernhard Nocht ta Hambug a Jamus. A Agogo, ba nisa da garin, an yi shekaru ana bin diddigin taifot a jinin yara. Masana na Kumasi ne kuma suka ja gaba a gwajin da mujallar Lancet ta buga a 2020, wanda ya nuna magungunan sha na rifampicin da clarithromycin na mako takwas suna warkar da gyambon Buruli ba sai an sha allurar streptomycin ba. Ita dai ba a waɗannan manyan wurare take ba. Ɗakin gwajinta ƙarami ne, ma'aikatansa ba su da yawa, amma da irin waɗancan ayyuka ake auna duk wanda ya ce shi mai bincike ne a garin.

Abu biyu ne suka ja ta zuwa bincike. Na farko, yadda ake sayen kafson kashe bakteriya a kemis a zango, waɗanda ake kira topaye da abombelt, mutum ya sayi huɗu ya sha, in ya ji sauƙi ya bari. Na biyu, ɗakin jarirai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara da ampicillin da gentamicin idan ana zargin cuta ta shiga jinin jariri, likitocin ɗakin kuwa suna ta cewa haɗin ba ya yi wa jarirai da yawa aiki, sai an canza. Tana ganin dalilin a farantinta, ta ga ya kamata a rubuta shi duniya ta sani.

Kafin a ci gaba, ga yadda ake auna mai bincike. Idan wani masani ya kafa hujja da takardarka a cikin tasa, wannan ambato ɗaya ke nan. Manyan rumbunan da ke ƙirga ambato su ne Scopus da Web of Science, waɗanda suke zaɓen mujallun da za su shigar, sai Google Scholar da ke kwashe kusan duk abin da ya tarar a intanet. A 2005 wani masanin fiziks, Jorge Hirsch, ya kawo ma'aunin h: wanda ma'auninsa 5 ne yana da takardu biyar da kowacce aka ambata aƙalla sau biyar. Kwamitocin ƙarin girma da masu ba da tallafin bincike suna duba waɗannan lambobi.

## 2013 zuwa 2016: shekarun yawan rubutu

A waɗannan shekaru huɗu ta buga takardu shida. Duk daga kundin rajistar ɗakin gwaji ta ciro su: ta buɗe littafin shekara ɗaya ko biyu, ta ƙirga ƙwayoyin da aka samu a fitsari ko a jini, ta fitar da kashi nawa ne suka bijire wa kowane magani. Biyu sun fito a mujallun yankin da ke da masu tantancewa na gaske. Huɗu kuwa mujallu ne da suka aiko mata da imel da kansu, suna yabon aikinta, suna alƙawarin bugawa cikin mako biyu ko uku idan ta biya kuɗi da dala. Ta biya daga albashinta. Ba a nemi ta gyara komai ba in ban da tsarin shafi.

A lokacin an riga an fara gargaɗi a kan irin waɗannan mujallu. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya aika takardar bogi mai cike da kurakurai ga mujallu 304, guda 157 suka karɓe ta, mujallar Science ta buga labarin. Amma wannan gargaɗi bai iso ga ƙananan ma'aikata irinta ba. Abin da ya iso gare su shi ne cewa ƙarin girma yana buƙatar takardu, kuma abokan aiki ma can suke aikawa.

Lokacin dumsor ne kuma, wanda ya fi tsanani a 2015. Wuta takan ɗauke yini da kwana. Janaretan asibitin ɗakin tiyata ake fara ba shi, don haka firjin da ake ajiye faya-fayan gwajin magani, wato 'yan ƙananan takardu masu ɗauke da magani da ake ɗorawa a faranti, yakan huce ya sake sanyi, na'urar da ke riƙe farantai a zafin digiri 35 ita ma takan sauka. Ba ta rubuta wannan a ko ɗaya daga takardun ba.

## 2017: aka dawo mata da takardun neman ƙarin girma

Ta miƙa neman ƙarin girma da takardu shida. Kwamitin ya ƙirga biyu, ya ce sauran huɗun ba sa cikin rumbunan da makarantar ta amince da su. Sunayen mawallafan biyu daga ciki sun taɓa fitowa a jerin Jeffrey Beall, ma'aikacin laburare a Jami'ar Colorado da ke Denver, wanda ya yi shekaru yana tara sunayen mujallun damfara kafin ya rufe shafin a Janairun 2017.

Lambobinta a wannan shekara: ma'aunin h 2 a Google Scholar, 1 a Scopus. Rabin ambaton da ke Google Scholar daga kundayen ɗalibanta ne.

Abin da ya fi ƙona mata rai ya zo daga wani wuri. A shekarar aka buga wani babban bita a mujallar BMC Infectious Diseases, wanda ya tattara binciken bijirewar ƙwayoyin cuta a Afirka, ya nuna fiye da kashi 40 cikin 100 na ƙasashen nahiyar ba su da bayanan da aka buga na kwanan nan. Ana kukan rashin bayanai daga Afirka, ga nata a ajiye, masu irin wannan tattarawa kuma ba sa ɗaukarsu. A watan Fabrairu na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙwayoyin da aka fi buƙatar sabon magani a kansu, kuma dangin Klebsiella da E. coli masu bijirewa, waɗanda take gani kowane mako, suna sahun farko.

## 2017 zuwa 2018: hanyoyi uku da aka gwada

Fassarar farko da ta yi wa matsalar ita ce ba a ganin aikinta. Ta buɗe shafi a Google Scholar da ResearchGate, ta ɗora duka shidan, ta riƙa tura su a zaurukan WhatsApp na ma'aikatan lafiya. Ta kuma yi rajistar ORCID, lambar shaida mai gurbi 16 da aka fara bayarwa a 2012. Wannan ya gyara abu ɗaya na gaske. Sunayen mutanen zango suna da rubutu iri-iri, kamar yadda Abubakar kan zama Abubakari ko Bukari, Sulaiman ya zama Sulemana, kuma ita ta yi aure a tsakani. Rumbunan sun raba ta gida uku kamar mutum uku ne, aka haɗe su. Masu sauke takardun sun ƙaru sosai. Ambato daga baƙin masana bai motsa ba. Wasu abokan aiki sun kawo shawarar su riƙa ambaton juna a duk abin da suka rubuta, ta yi sau ɗaya ta bari, da ta ga Scopus yana da maɓallin cire ambaton kai, kuma masu tantancewa suna danna shi.

Hanya ta biyu ita ce ta nufi babbar mujalla. Ta haɗa bayanan jinin jarirai na shekaru uku ta aika. Biyu sun mayar da ita ba tare da kai ta ga masu bita ba. Ta uku ta kai, aka ƙi, amma masu bitar biyu sun rubuto dogon bayani, kuma wannan bayani ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya.

Sun fara da sunayen ƙwayoyin. A rajistar an rubuta da yawa da sunan tarin dangi kawai, wato kolifom, ba a raba E. coli da Klebsiella da Enterobacter ba, alhali kowacce halinta daban ne da magani. Sun tambayi wane bugu na ƙa'idar CLSI aka bi wajen cewa ƙwaya ta bijire ko ba ta bijire ba. Ana sabunta wannan ƙa'ida ta Amurka kowace shekara, haka ma ta Turai wato EUCAST, kuma a 2010 CLSI ta sauya iyakokin ceftriaxone da 'yan'uwansa, ta yadda ƙwayar da tsohon littafi zai ce magani na kamawa sabon zai ce ta bijire. Takardar ba ta faɗi bugun ba. Da ta duba, littafin da ke ɗakin gwajin tsoho ne.

Sun tambayi ƙwayar gwaji. Duk ɗakin da ke auna tasirin magani da fayafai ana so ya riƙa gwada su a kan ƙwayar da aka san halinta, kamar E. coli ATCC 25922, don a tabbatar fayafan ba su mutu ba. Fayafan dangin penisilin suna rasa ƙarfi idan zafi da laima suka taɓa su. Faifai marar ƙarfi yana barin ƙaramin fili a faranti, wato wurin da ƙwaya ta kasa tsirowa kewaye da shi, ma'aikaci ya auna ya rubuta cewa ƙwaya ta bijire, alhali maganin ne ya lalace tun a firji. Nan shekarun dumsor suka dawo mata.

Sun nuna wani layi a jadawalinta inda aka ce wasu Klebsiella pneumoniae ampicillin na kashe su. Wannan ƙwaya da halittarta take bijire wa ampicillin. Duk inda aka ga an rubuta akasin haka, ko ba ita ba ce, ko gwajin ya karkace. Layi ɗaya ne, amma ya isa ya sa masani ya daina yarda da sauran jadawalin. Sun ga kuma an ƙirga wani nau'in Staphylococcus da ke zaune a fatar kowa a matsayin mai jawo cuta a duk inda ya fito, ba a bambance wanda ya shiga kwalba daga fata lokacin ɗibar jini ba. Jaririn da aka ɗebi jininsa sau uku an ƙirga shi uku.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce: jarirai nawa aka kwantar, nawa aka zarga da cutar jini, nawa aka ɗebi jininsu, kuma kafin ba da magani ne ko bayan? A asibitin sai maganin farko ya gaza, kuma iyaye na iya biya, ake aika jini. Ke nan ƙwayoyin da suka iso farantinta tun farko zaɓaɓɓu ne daga masu taurin kai, kason bijirewar da ta fitar dole ya fi na gaskiya. A ƙarshe suka ce a sake gwada wasu daga ƙwayoyin. Babu ko ɗaya. Ana zubar da faranti da zarar an rubuta sakamako.

Hanya ta uku ta zo ta hannun wani baƙo. Wata tawagar masana daga waje tana tara ƙwayoyi daga ƙasashe da dama, aka nemi ta ware musu na wata shida. Ta yi, aka tafi da su. Takardar ta fito a mujalla mai daraja, sunanta yana tsakiyar dogon jerin marubuta, ba ta ga rubutun ba sai dab da aikawa, kuma ba a raba sakamakon asibitinta daban yadda likitocinta za su amfana ba. Ba ita kaɗai ba ce. Wani nazari da BMJ Global Health ta buga a 2019 ya nuna masanan Afirka sukan maƙale a tsakiyar jerin marubuta idan aikin na haɗin gwiwa ne da manyan jami'o'in waje, ko da a ƙasarsu aka yi shi. Takardar tawagar nan ta kawo mata ambato fiye da duka shidan a haɗe.

## 2019: ta ajiye alƙalami ta koma kan teburin gwaji

Wata dattijuwar likitar yara ce ta karanta wasiƙar masu bitar tare da ita. Abin da ta ce mata gajere ne: "'Yata, ki bar rubutu tukuna. Ki gyara abin da kike aiko mana, rubutu zai biyo baya." Shekara biyu da rabi daga nan ba ta aika wa kowace mujalla komai ba.

Lokacin ya taimaka. A Afrilun 2018 Ghana ta ƙaddamar da manufarta ta yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta tare da tsarin aiki na 2017 zuwa 2021, don haka shugabannin asibiti sun fara sauraron irin wannan magana. A 2019 kuma mujallar BMC Medicine ta buga jerin MICRO, wanda ya zayyana abin da ya wajaba takardar binciken ƙwayoyin cuta ta faɗa. Akwai kuma STROBE-NI na 2016 da ya keɓanta da cututtukan jarirai. Ta ɗauki waɗannan jeri biyu, waɗanda aka yi don marubuta, ta mayar da su tsarin aikin ɗakin gwaji: duk abin da za a tambaye ta a ƙarshe, a fara rubuta shi tun daga ranar ɗibar jini.

Ta samu ƙaramin tallafi ta sayi ƙwayoyin gwaji guda biyu, ta E. coli da ta Staphylococcus aureus, ana gwada fayafai kowane mako ana rubuta sakamako. Ta koma ga ƙa'idar EUCAST saboda kyauta ake sauke jadawalinta. Aka daina rubuta "ya bijire" kawai, ana rubuta faɗin filin da milimita, yadda ko iyaka ta sauya gobe za a iya sake fassara lambar. Aka kawo kayan gwajin da ke raba ƙwaya zuwa nau'inta. Littafin rajista ya koma manhajar WHONET, wadda ita ma kyauta ce. Aka rataya ma'aunin zafi a firji da takardar da ake cikewa safe da yamma. Ɗakin ba shi da firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, sai ta roƙi gurbi a ta wata cibiya a garin, duk ƙwayar da ta fito daga jini ana zuba ta a ƙaramar kwalba da gilisarin a kai can.

Mafi wuya shi ne ɓangaren ɗakin jarirai. Ana so a ɗebi jinin duk jaririn da ake zargi, kafin allurar farko, ba tare da duba aljihun iyaye ba. Tallafin ya biya kuɗin kwalabe. Kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, da sharaɗin neman yardar iyaye. A nan zamanta 'yar zango ya yi aikin da babu kuɗin da zai yi. Takardar neman yarda da Turanci take, an fassara ta da harshen Tuwi, ita kuma ta zauna ta yi ta da Hausa. Sau da yawa ba mai jego ce ke yanke magana ba, kaka ce ko uwar miji, kuma tsoronsu ɗaya ne, jariri ba shi da jinin da za a ɗiba. Takan nuna musu sirinjin ta ce, "Hajiya, abin da za mu ɗiba mililita ɗaya ne, bai kai rabin ƙaramin cokali ba. Da shi za mu san maganin da zai kama ciwon jikanki, ba sai an yi ta gwada wannan da wancan a jikinsa ba." Ta koya wa nas-nas yadda ake goge fata a bar ta ta bushe kafin a soka allura, ta riƙa kawo musu lissafin kwalaben da suka gurɓata kowane wata, da burin a sauko ƙasa da kashi 3 cikin 100 da ƙa'ida ta tanada.

## 2020 zuwa 2021: korona, da jadawalin farko

Ranar 12 ga Maris 2020 aka tabbatar da korona a Ghana, daga 30 ga wata aka kulle Akara da Kumasi mako uku, filin jirgin Kotoka bai buɗe wa jiragen waje ba sai 1 ga Satumba. Kwalaben rainon jini daga waje ake kawo su, suka yanke. An yi watanni ba a ɗebi komai ba. Ta rubuta ranar da aka tsaya da ranar da aka koma, kuma daga baya ta sa wannan giɓi a takardar yadda yake.

A ƙarshen 2021 aka samu abin da ya isa a yi jadawalin tasirin magani na asibitin. Ƙa'idar yin sa ita ce a ɗauki ƙwayar farko kawai daga kowane majinyaci, kuma kada a fitar da kaso ga nau'in da bai kai ƙwayoyi 30 ba. Nau'i uku ne suka cika sharaɗin, sauran aka bar gurbinsu a buɗe. Shafi ɗaya ne, aka manna a ɗakin jarirai da ofishin masu magani, aka kai wa kwamitin magunguna na asibitin.

## 2022 zuwa 2023: bugawa

A Janairun 2022 Lancet ta buga babban ƙiyasin nan na duniya: mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani, miliyan 4.95 kuma mutuwarsu na da alaƙa da hakan. Yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki, mutum 27.3 a cikin kowane 100,000. Marubutan da kansu sun ce bayanai daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi sun yi ƙaranci. Daga nan masu neman ingantattun lambobi daga yankinmu suka yawaita.

Ta rubuta takarda ɗaya daga aikin shekara biyu. Kanun ya faɗi ƙasar da rukunin marasa lafiyar da abin da aka auna. Sashen hanyar aiki ya fi na sakamako tsawo. Ta haɗa da fayil mai layi ɗaya ga kowace ƙwaya, da faɗin fili da milimita, ba tare da abin da zai nuna ko wane jariri ne ba. Ta fara ɗora ta a medRxiv, rumbun takardun da ba a kai ga tantancewa ba wanda aka buɗe a 2019, sannan ta aika wa mujallar da ke cikin rumbunan PubMed da Scopus, wadda kowa ke iya karantawa kyauta.

Kuɗin bugawa ya kusa tsayar da ita. Irin waɗannan mujallu dala dubu da wani abu suke karɓa, wasu har dubu uku, a shekarar da sidi, kuɗin Ghana, ya faɗi warwas, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100 a Disambar 2022. Tun 2011 Bankin Duniya ya fitar da Ghana daga sahun ƙasashe mafi ƙarancin kuɗin shiga, don haka wasu mawallafa rangwame kawai suke yi wa 'yan Ghana. Ta rubuta neman yafiya tun ranar aikawa, da bayanin cewa tallafinta bai ƙunshi kuɗin bugu ba, aka yafe. Masu bita sun dawo da gyara zagaye biyu.

Takarda ta biyu ta ƙwayoyin da ke firiza ce. Wata tawaga ta nemi karanta jerin halittar Klebsiella ɗin, wato DNA ɗinsu. Wannan karon ba kwalbar da ta fita sai da aka sa hannu a yarjejeniya: ita ce marubuciya ta farko, ɗalibinta zai koyi nazarin bayanan, za a ɗora jerin a rumbun da kowa ke iya shiga, sakamakon kuma zai fara zuwa asibitin kafin mujalla. Ta samu ƙarfin tsayawa a kan haka saboda zuwa lokacin ana iya yin wannan aiki a cikin ƙasa, a wurare irin cibiyar Noguchi da ke Legon. Sakamakon ya nuna wasu daga ƙwayoyin 'yan gida ɗaya ne, alamar a cikin ɗakin suke yawo daga gado zuwa gado. Aka tsaurara wanke hannu, aka hana raba jakar ruwa ɗaya tsakanin jarirai.

## 2024 zuwa 2025: sakamako

Shekarar farko bayan bugawa shiru. A ta biyu ambato ya fara shigowa, mafi yawansa daga masu tattara bincike da ke neman lambobin Yammacin Afirka, da masu nazarin jerin halitta da suka sauke nata don kwatantawa da na wasu ƙasashe. Zuwa ƙarshen 2024 tana da takardu bakwai a Scopus, ma'aunin h 5. A cikin biyar ɗin da suka gina lambar, biyu nata ne na kanta, biyu na manyan tawagogi ne da sunanta ke tsakiya, ɗaya tsohuwa ce daga mujallun yankin. An ƙara mata girma.

Huɗun nan da ta biya kuɗi aka buga a shekarun farko suna nan yadda suke. Shafin ɗaya daga mujallun ya ɓace daga intanet gaba ɗaya. Ba ta da damar sake buga bayanan a wani wuri, don an riga an buga su.

Jadawalin shafi ɗaya ana sabunta shi kowace shekara, kuma kwamitin magunguna ya dogara da shi wajen sake tsara maganin da ake komawa gare shi idan na farko ya gaza. Ba ya cikin kowane rumbu, ambatonsa sifili. Ba a tsara aikin don auna mace-macen jarirai kafin da bayan ba, saboda haka ba ta taɓa cewa ya rage su ba.

## Hukunci

Fassarar farko, cewa ba a ganin aikinta, kuskure ce a mafi yawanta. An gani, an sauke, an karanta. Mai tattara bincike yana da sharuɗɗan shiga, kuma takardar da ba ta faɗi nau'in ƙwaya ko bugun ƙa'ida ko adadin waɗanda aka gwada ba dole ya ajiye ta gefe, ko daga ina ta fito. Talla a WhatsApp ba ta da abin da za ta yi wa wannan. Haɗe sunanta a ORCID da zaɓen mujallar da ke cikin rumbu sun zama dole, amma da ta yi su kaɗai da lambobin ba su motsa ba. Abin da ya motsa su shi ne aikin 2019, domin shi ya mayar da sakamakonta abin da wani zai ɗora nasa a kai. Gyaran nan guda kuma shi ya sa likitocin ɗakin jarirai suka fara yarda da abin da ɗakin gwaji ke aiko musu.

Ba zan ɗora mata laifin shekarun farko ita kaɗai ba. Tsarin da ke cewa kawo takardu kaza, ba tare da ya koya wa ƙaramin ma'aikaci bambance mujalla ko ya saya masa ƙwayar gwaji ba, shi ke tura mutane hannun masu damfara. Sanarwar San Francisco ta 2012 da ƙa'idojin Leiden na 2015, duka a kan yadda ake auna masu bincike, sun yi kira a duba abin da aiki ya ƙunsa, kada a tsaya ga lamba. A wannan lamari lambar ma ba ta faɗi gaskiya duka ba. Takardar da ta fi kawo mata ambato ita ce wadda ta fi ƙarancin hannu a ciki, shafin da ya fi taɓa jinyar jarirai kuwa ba a ƙirga shi ko kaɗan. Dole kuma a yarda sa'a ta taka rawa: takardarta ta fito daidai lokacin da ƙiyasin 2022 ya sa ana farautar bayanan yankin. Da shekara biyar kafin nan ta fito, da ambaton bai zo da wannan sauri ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ginin bai tsaya da ƙafarsa ba tukuna. Kwalaben rainon jini da fayafai da ƙwayoyin gwaji duk da kuɗin tallafi aka saye su, tallafin kuma ya ƙare. Gurbin firizar aro ne, ya kusa cika. A Yulin 2025 aka ji gwamnatin Birtaniya za ta daina zuba kuɗi a Fleming Fund, asusun da ya tallafa wa ɗakunan gwaji a Ghana da ƙasashe da dama, ke nan ƙofofin da za a ƙwanƙwasa sun ragu. Idan aka koma sai mai kuɗi ake ɗibar jinin jaririnsa, bayanan za su sake karkacewa kamar na 2013. Ta rubuta wa hukumar asibitin tana neman a sa waɗannan kaya a kasafin kuɗin shekara kamar safar hannu da sirinji, ta haɗa da lissafin abin da kwalba ɗaya ke ci da abin da kwana ɗaya na maganin da bai dace ba ke ci. An sa maganar a ajandar zaman kwamitin kuɗi mai zuwa.